Ɗiyar Aro a Kan Sikeli

Akwai mace guda a garin Wara da ba na gaisarwa. In mun haɗu a kasuwa sai in juya in yi ta cinikin albasar da ba ni da niyyar saye har ta wuce. In a gidan suna ne, ta zauna gabas in zauna yamma. Ta yi ritaya yanzu, ta je Makka ta dawo da haƙorin zinariya, kowa Hajiya Hajiya, ni kuwa har gobe Malamar awo nake ce mata. Mutane sun ce min riƙo ba shi da kyau. Na ji. Ai ba ɗiyarsu ba ce.

Ita ce ke awon yara a ƙaramin asibitin unguwarmu, Larabar farko ta kowane wata. Sikelin a reshen bishiyar dogon yaro yake rataye, fuskarsa kamar agogo, da wani shuɗin wando da ake zura yaro ciki a maƙala. Yaro na tsala ihu, allura na rawa, Malama ta duba ta ɗiga biro a kati. In ɗigon ya yi ta hawa wata bayan wata, an ce yaro na kan hanya. In ya kwanta ko ya gangaro, sai ta ɗauko wata 'yar igiya mai kala uku ta zagaya dantsen yaro. Wanda ya faɗa ja shi ake rubuta wa abincin tamowa, wanga na leda mai kama da tunkuza, a ba uwa na mako guda ta dawo a sake dubawa. Abin ba laifi a tsarinsa, ban taɓa cewa da laifi ba. Hannun da aka damƙa wa ne ya ɓata shi.

Abin da Malama ta tsana a duniya shi ne giɓi a kati. In kika tsallake wata guda, ranar da kika dawo sai ta ɗaga katinki sama ta nuna wa mata, ta wanke ki tas, ta ce ku ne jahilan da ke ja mata faɗa wurin manyanta. Ta mayar da ke ƙarshen layi, rana ta dafa ki da goyo. Mai giɓi ba ta samun gidan sauro in an kawo. Kuma duk mun san ita ce za ta tsaya kanmu ranar naƙuda, ba mai son ta je haihuwa hannun matar da ke jin haushinta.

Ɗiyata ta fari na da wata goma sha huɗu na gane ina da ciki. Kwanika ke nan, abin da ake yi wa mace dariya a bakin rijiya. Uwar mijina na jin labari ta hayo jirgi daga tungarsu ta masunta, can tsallaken ruwa, ta ce nonon ciki guba ne, yau za a yaye yarinya, kuma ita za ta tahi da ita kamar yadda aka saba. Haka ake yi a wurinmu. Yaye na kaka ne, a kai yaro inda ba zai ga uwa ba har ya manta da nono. Ni ma haka aka yi min.

Ban hana ba. Ɗiyar fari ce, ana kunyarta. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa gaban mutane, in ta faɗi sai in jira wata ta ɗaga ta. Da wane baki zan ce kada a tafi da ita? Na ɗaure mata riguna uku da ɗan kofinta a ɗankwali, na miƙa. Ban raka su bakin ruwa ba, don kada a ce na yi rashin ta ido. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, nonona na zuba, na ciji zane.

Katin kuwa ya zauna wurina, cikin akwati.

Da Larabar awo ta matso na shiga damuwa. Maƙwabciyata, matar mai gyaran injin jirgi, ita ta yi min dariya. Kwana goma sha biyu ne tsakanin haihuwarmu, tata ɗiyar kuwa wata 'yar lukuta ce mai cin duk abin da ta samu.

Ta ce, "Ke kam baƙuwa ce a garin nan? Duk wadda ɗanta ke wurin yaye aro take yi. Ki ɗauki tawa a rataya miki, in an gama ki miƙo min ita ta bayan ɗaki in shiga layi."

Na ce, "In ta gane fa?"

"Wa? Malama? Allurar sikeli take kallo, sai zanen da kika ɗaura."

Haka muka yi. Na goya ɗiyar mutane na shiga layi. Aka zura ta a wando, allura ta tsaya, Malama ta ɗiga a katin ɗiyata, ɗigon ya yi sama abinsa. Ta ce, "Madalla, haka ake so." Na dawo gida ina jin na yi wayo.

A wata na biyu muka yi sakaci. Mata uku ne kawai tsakanina da maƙwabciyata a layi, kuma ba mu canza wa yarinyar riga ba. Da aka sake rataye ta, Malama ta ɗago ta dube ta, ta dube mu, ta yi dariya har da dafa tebur. Ta ce, "Ku ko riga ba ku iya canza mata? Wagga lukutar ai sai ta tsinke min wando." Mata suka yi dariya, mu ma muka yi. Ta ɗiga a katin maƙwabciyata kamar yadda ta ɗiga a nawa. Ku riƙe wannan. Ta sani. Ba ta tambaye ni ina tawa take ba, wa ke ba ta abinci, me take ci. Tambaya guda da ta isa. Aikin da ake biyanta ta yi ke nan.

Maigidana direban jirgin inji ne, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Wara da tungaye, don haka kusan duk mako yana ganin yarinyar. Ba na iya tambayarsa kai tsaye. Sai in ce, "Ya mutanen tsallake?" Ya ce lafiya lau. Sau ɗaya ya ce tana zawo, amma Inna ta ce haƙori ne, an jiƙa mata sassaƙe. Can wajen wata na uku ya shigo da fara'a ya ce, "Da kin ga yadda ta yi kumatu. Har ƙafafunta sun cika. Inna ta iya kiwo." Na sunkuyar da kai kamar ban damu ba, raina kuwa fes. Kati ya ce tana hawa, ubanta ya ce ta yi ƙiba. Wallahi har na fara mantawa ba ita ake aunawa ba. Nakan buɗe akwati in dubi ɗigon nan suna hawa in ji daɗi, kamar wata sakarya.

Wata huɗu da kwanaki aka dawo min da ita, ranar wata Talata da hantsi. Uwar mijina ta sauke ta daga baya ta zaunar a tabarma, ta nemi ruwan da za ta sha, ta ce rana ta yi zafi a jirgi. Na dubi abin da ke kan tabarmar. Gashin da na kitse da hannuna ya koma ja, ya yi laushi, ya zube ta gefe. Kumatun da ake faɗa suna nan, sun kumbura har sun matse idanu. Hannuwa kamar sillen kara. Fatar cinyoyinta ta yi baƙi tana saɓulewa. Yarinyar da ta tafi tana bin bango tana tsayawa, ga ta zaune inda aka ajiye ta, ba ta kuka, ba ta kallon kowa. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarta na ɗaga. Ramin ya zauna bai taso ba.

Ranar na ajiye kunya. Na ɗauke ta na rungume gaban uwar mijina, na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko a bainar mutane. Na ce, "Me kuke ba ta?"

Tsohuwar ta ce, "Abin da aka ba ubanta. Kunu, da tuwo in ta karɓa."

"Kifi fa? Tunga guda ba abin da kuke yi sai banda, hayaƙin kifi har cikin gashinku."

"Kihi na kasuwa ne. Kuma yaro in ya saba da kihi tun yana ƙarami kwaɗayi shika yi, ya girma yana sa hannu a tukunyar mutane. Ke za ki koya min reno? Goma na haifa."

Na ce, "Nawa suka rayu?"

Huɗu ne, kowa ya sani. Bai kamata in faɗa ba, kuma ban janye ba har ta koma ga Allah. Ta tashi ta yafa gyalenta ta koma bakin ruwa ko ruwan ba ta sha ba. Maigidana ya bi ta yana ba ta haƙuri, ya tuƙa ta ya mayar, ya yi fushi ya kwana uku a can. Ya bar ni da ciki wata bakwai da yarinya a hannu.

Washegari Larabar awo ce. Na goya ɗiyata, tawa ta gaske, na ɗauki kati na tafi tun kafin a share gindin bishiya. Na tarar da farar mota a ƙofar asibiti. Masu duba aiki ne suka zo daga sama, maza biyu da mace guda, an fito musu da kujeru, suna juya katunan mata suna gyaɗa kai. Malama ta sha farar riga an goge, muryarta ta yi taushi kamar ba ita ba. Na ce a raina to alhamdu lillahi, yau ga manya, za a duba min ita da kyau.

Ban bi layi ba. Na kwance goyo na miƙa. Matan da ke kusa suka yi salati ƙasa ƙasa. Malama ta karɓi katin, ta duba, ta zura yarinyar a wando. Allura ta tsaya can ƙasa, nesa da inda ɗigon watan jiya yake. Ta dubi kati, ta dubi sikeli, ta saci kallon baƙin nan. Na ga lokacin da ta yanke shawara, a fuskarta na gani.

Ta ce, "Wagga ba ita ba ce."

Na ce, "Malama, ita ce. Ɗiyata ce. Jiya aka dawo min da ita daga yaye."

Ta juya wurin baƙin ta ɗaga katin. "Kun ga abin da nake faɗa muku, ranku ya daɗe. Ga katin ɗiyarta, watan jiya lafiya lau, ni na auna ta da hannuna. Yaro ba ya zubewa haka a wata guda. Sukan shiga tungaye su aro mai tamowa, a rubuta musu abinci, su kai kasuwa su sayar. In ba ka sa ido ba sai su kwashe na masu buƙata."

Gaskiya ne ana yin haka, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Na ga ba sauran ɓoyo, ranar wanka ce. Na ce, "Waccan da kika auna ita ce ta aro. Wata huɗu ina kawo ɗiyar maƙwabciyata. Kin sani, Malama. Ke kika ce ko riga ba mu canza mata ba."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? A'uzu billahi. To ke da bakinki kin ce maƙaryaciya ce ke. Wace ƙaryar za mu ɗauka, ta jiya ko ta yau?"

Na juya wurin mata. Sun fi talatin a gindin bishiyar nan, kuma na san aƙalla biyar da suka taɓa rataya ɗan aro. Wata tana gyara goyo, wata tana kallon ƙafarta. Maƙwabciyata na can baya da lukutarta, na kira ta, ta buɗe baki, Malama ta dube ta kallo guda, ta rufe. Ba na gaba da ita, tana da ƙaramin ciki a lokacin, ta san hannun da za ta faɗa. Amma daga ranar ban sake aron ko gishiri a gidanta ba.

Baƙin nan fa? Suna zaune. Yarinya na lilo a wando gabansu, ƙafafu a kumbure, ko ɗiyar wa ce ai tana buƙatar magani. Macen cikinsu ta ɗan motsa ta ce ko a duba dantsenta. Malama ta ce za a duba, ranki ya daɗe, amma ƙa'ida sai an kawo uwar gaske ko takardar mai unguwa, kada a rubuta yaro guda sau biyu. Babbansu ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce da ana samun masu sa ido irinta da aiki ya gyaru. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji mutane. Idanu takwas ne a wurin masu ilimi, ba wanda ya auna komai.

Na ciro ɗiyata daga wandon da kaina. Na fizge katin daga hannun Malama na yayyaga shi, na watsa mata a farar rigarta. Na gaya mata abin da ba zan rubuta a nan ba, na haɗa da uwarta da ubanta. Aka riƙe ni, aka ce mai ciki ce, a yi haƙuri. Na ji daɗin yaga katin nan, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai ni gida ba.

Sai ranar Jumma'a maigidana ya dawo. Ya shigo da sauran fushinsa, ya ga yarinyar kwance ko ƙuda ba ta korewa, fushin ya zube. Muka shiga mota zuwa babban asibiti a Yelwa, hanya na jijjiga mu, ina tallafe da kanta. Can ba wanda ya tambaye ni ko ɗiyar wa ce. Wata ma'aikaciya ta danna ƙafar kamar yadda na danna, ta kira likita da gudu. Ya tambayi katin awo, na ce ya ɓata. Ya ce wannan ciwon ba na mako ba ne ba na wata ba, ina muke tun tuni? Ya ce ai don irin haka ake awo duk wata, da ana kai ta da an gani tun layin bai gangaro ba. Me zan ce mishi, ina kaiwa ban taɓa fashi ba?

Mako uku muka yi. Madara a ƙaramin kofi, kaɗan kaɗan, kumburin ya saɓe, sai ga ainihin abin da ya rage na ɗiyata, ƙashi da fata. Ta rayu. Ranar da ta miƙa hannu ta karɓi kofin da kanta na fita bayan ɗakin na yi kuka har mai shara ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Na haifi ƙanenta a gida, da ungozoma, don na rantse ba zan kwanta gaban Malama ba. Shi ban ba kowa yayensa ba. Aka yi ta magana, na ce duk mai son yaye ya haifi nasa. Kifi kuwa tun yana wata bakwai nake murmushe mishi a kunu, in zai yi sata ya yi.

Ita ba ta yi tafiya ba sai da ta haura shekara biyu. Magana ta zo a makare. Tana da hankali, tana da haƙuri fiye da ni nesa ba kusa ba, amma jikin ya tsaya. Na ba ta kifi, na ba ta ƙwai, na ba ta wake da madara, duk abin da aka ce. Tana ci, tana ƙoshi, tsawon ba ya zuwa. Baƙo in ya shigo gidanmu sai ya ce tagwaye ne, daga baya ma aka koma tambaya ko shi ne babba. Laifi tudu ne, na sani, kuma na taka nawa ina sane da shi. Ni na goya ɗiyar wata na kai. Amma ni jahila ce mai tsoro a lokacin, ita kuwa an koya mata, an ba ta sikeli da biro, an ce ta tsaya tsakanin 'ya'yanmu da irin wannan.

Da ta cika shida na kai ta makarantar firamare. Hedimasta ya dube ta ya ce wannan ai ba ta isa ba. Na ce shekararta shida. Ya ce ina takardar haihuwa, ko katin awo, don a ga ranar? Ba ni da ko ɗaya. Ya ce to a yi yadda aka saba da marasa takarda: yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu, in ya kamo ya isa shiga aji. Ta ɗora. Yatsunta suka tsaya sama da kunnen. Ya ce a dawo baɗi.

Bana muka koma. Ta kwana biyu tana wanke 'yar jakar da ubanta ya sayo mata, tana shanyawa tana dubawa. Ƙanenta ya biyo mu don ba mai tsaron shi a gida. Aka jera yara a gaban ofis, aka zo kanta. Ta ɗora hannu, ta miƙe wuya, ta yi ɗage kamar tsawon ƙafa zai taimaka. Saura kaɗan, wallahi bai fi faɗin yatsa ba. Hedimasta ya girgiza kai. Na fara magana, na ce shekararta bakwai, a tambayi duk unguwa. Ya ce kowace uwa haka take cewa, aji ya cika, shi ba zai ɗauki 'yar da za a tattake ba.

Ƙanen na gefe yana kwaikwayon yara don wasa. Ya ɗora hannu bisa kai ya kama kunnensa har yana ja. Hedimasta ya nuna shi da biro ya ce, "Wanga ya isa. Kawo sunan yayan, ƙanwar ta jira."

Ban gyara mishi ba. Ɗiyata ce ta cire jakar daga wuyanta ta rataya wa ƙanenta, ta gyara mishi igiyar don ta yi mishi daidai. Aka shiga da shi aji.

Muka kamo hanyar gida ni da ita, ta cikin kasuwa, masu kifi na kiran ciniki. Na yi gaba don kada ta ga fuskata. Wajen rumfar masu gishiri na ji ba motsinta kusa, na waiga. Tana tafe a baya a hankali, hannun dama bisa kai, ta sa na hagu ta kama yatsun tana jan su ƙasa da ƙarfi. Na ce ta sauke, mutane na kallo. Ta ce in bari, ta kusa. Haka ta bi ni har ƙofar gida.